Rabon kyauta ta salula: talla ce, amma sai da lissafi

Akwai tambayar da ke ta dawowa a taron asusunmu: wai rabon kyautar nan da ake yi a WhatsApp da Facebook, yana kawo ciniki, ko kuwa ɓarnar jari ce? Tunda na gwada, bari in gaya muku abin da na gani.

Sana'ata shirya duwatsun ado: sarƙar wuya, ƴan kunne, awarwaro da jigida. Duwatsu da zare daga kasuwar Dole ta Damagaram nake sayowa. Jarin kuwa bashi ne daga asusun ƙungiyarmu, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maradi a 1991. Kun san yadda abin yake. Kuɗin nan zubin mata ne, kowace da guminta, kuma ranar biya ba ta jiran kowa.

Damuwata ita ce garin namu ƙarami ne. Wadda za ta saya ta riga ta saya, sarƙa kuma ba gishiri ba ce da za a nema kowane mako. Ina bukatar a san kayana a Tanut, a Damagaram, har Agadas da Arlit inda ƴan uwanmu ke zaune. Kuɗin motar da zan yi ta yawon talla kuwa babu. Ɗiyata ce ta ce, "Inna, ki sa kyauta, mutane su yi miki tallar da kansu."

Makonni 3 kafin ƙaramar Sallah muka shimfiɗa sarƙa da ƴan kunnenta bisa farin ƙyalle, muka ɗauki hoto da hasken safe. Na haɗa da saƙon murya, don da yawa cikinmu ba su karanta boko. Sharaɗin guda ne: ki sa hoton a WhatsApp ɗinki tare da lambata, ki aiko mini shaida, in rubuta sunanki. Na faɗi ranar ƙuri'a tun farko. Ran nan, gaban matan ƙungiya, muka zuba takardun sunaye cikin ƙwarya, wata ƴar yarinya ta zaro ɗaya, ɗiyata tana ɗaukar bidiyo. Wata mata a Tanut ta ci, washegari na ba direba saƙonta a tasha.

To ga lissafin, don shi ne zancen. Kayan kyautar sun ci mini jika 1 da rabi. Kuɗin intanet da na direba suka cika jika 3. Ribata a kowace sarƙa dala 100 ce, wato sai na sayar da 6 kafin in mayar da abin da na kashe. Sunaye sun haura 60, amma waɗanda suka yi oda har suka aiko kuɗi ta Nita ko Al Izza mata 9 ne. Kun ga ribar farko ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya faranta mini rai shi ne 4 daga cikinsu sun dawo da babbar Sallah, ɗaya ma ta sa na yi wa ƙawayen amarya sarƙa iri ɗaya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, gaskiya ne, amma ki san yawan ruwan da ke cikin naki tukuna.

Shi ya sa nake cewa kyauta daga riba take fita, ba daga uwar kuɗi ba. In bashin asusu ne a hannunki kuma ba ki fara biya ba, ki dakata. Kada yawan masu cewa "ma sha Allah" ƙarƙashin hoto ya ruɗe ki. Yabo ba ya cika akwatin ƙungiya.

Sai batun amana. Kowa ya taɓa samun saƙon nan na ƙarya, wai wani kamfani yana raba kuɗi ko megas, a taɓa nan a aika wa mutum 20. Saboda irinsu mutane suna ɗari-ɗari. Don haka kada ki karɓi ko dala don a shiga ƙuri'a, in an biya ta zama caca. Kada ki nemi lambar sirrin kowa. Ki yi ƙuri'a a bainar jama'a, ki cika alkawari ranar da kika faɗa. In ƙanwarki ce ta ci a ɓoye, wallahi ko da gaskiyarki ba mai yarda. Kada kuma ki sa hoton wadda ta ci sai da izininta, wata maigidanta ba ya so.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A Damargu kuɗi na shigowa da kaka, lokacin da gero ya shiga rumbu aka fara bukukuwan aure, sai kuma gab da Sallah. Da bazara, mace na neman tiyar hatsi, wa zai yi mata zancen jigida? Kuma kada ki mayar da abin na kullum. Sau 2 a shekara ya isa, in ba haka ba kowa zai zauna jiran na banza.

Wadda ba ta da babbar salula kada ta karaya. Mata 3 ko 4 na iya haɗa kai, mai sarƙa da mai sabulu da mai turare, a yi kyauta guda da salula guda, a raba kuɗin. Amma kafin a ɗauki hoto, a buɗe kaye a rubuta abin da za a kashe da yawan kayan da sai an sayar kafin ya dawo. A kawo shi taro, sakatariya ta duba.

Allah ya sa albarka cikin neman kowace.