Turke Ɗaya Da Na Bari A Ƙarƙashin Allo

Harhaɗa kwamfutar tebur ba wani aiki ne mai wuyar gaske ba. Tun da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX a 1995, kusan kowane kaya yana da gurbinsa, kowace waya tana da bakinta, kuma an ƙera yawancin bakunan ta yadda ba za su shiga a juye ba. Wanda hannunsa ya ɗan saba sai ya fara ganin kansa gwani. Ni ma haka na ɗauki kaina, kuma abin da ya kai ni ya baro ni ke nan.

Ƙanina sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna. Laftof ɗinsa ta gaji, in ya sa mata aikin tace hoto sai ta yi ta ɗaukar zafi tana tsayawa. Ya shiga adashe, ranar da ya kwasa ya kawo mini kuɗin cif, ya ce, "Yaya, kai ka san kan abin, ka haɗa mini wadda za ta iya." Muka je shagon wani dattijo da na daɗe ina ciniki da shi, wanda ke sari daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Muka sayi furosesa, da RAM guda biyu, da katin hoto, da fawa-fak, da babban allon da komai ke hawa kansa, wato madabod. Akwati kawai ba mu saya ba. Na ce a rage kashe kuɗi, ina da na tsohuwar kwamfutata a ajiye, garau yake.

Da dare na zauna na haɗa komai. Na ɗaure wayoyi tsaf, na bi da su ta bayan akwati yadda iska za ta samu hanya, na kunna makunnin da ke bayan fawa-fak. Wata 'yar fitila a kan allon ta kama. Na danna maɓallin gaba. Fankar furosesa ta ɗan motsa, ko zagaye ɗaya ba ta cika ba, sai ta tsaya cak. Na sake dannawa, shiru. Sai da na kashe makunnin baya na jira na kunna, sannan fankar ta sake yin wannan 'yar zabura ta tsaya.

Da na tsaya na yi tunani, wannan zaburar ta riga ta faɗa mini komai. Fawa-fak ba ya sakin wutarsa gaba ɗaya da an jona shi. Da farko bolt 5 kawai yake bayarwa ta waya mai launin shunayya, wutar jiran aiki, ita ce ke kunna 'yar fitilar nan. In ka danna maɓalli, allon ne ke ba shi umarni ta koriyar waya, sai ya saki bolt 12 da 5 da 3.3. In komai ya daidaita, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya zai aika da sigina ta waya mai ruwan toka cewa wuta ta zauna, furosesa ya fara aiki. In kuwa ya ji wutar tana zurarewa ta inda bai kamata ba, sai ya kashe kansa nan take don kada wani abu ya ƙone, kuma da yawansu ba sa yarda su sake tashi sai an raba su da wuta. To allon da ya karɓi umarnin maɓalli har ya tayar da fawa-fak, ai ba za a yi saurin kiransa matacce ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne a nemi inda wuta ke haɗewa da ƙarfe. Na san wannan duka. Na ma taɓa yi wa wasu bayaninsa.

Ba wai ban bincika ba ne. Na canza soket, na cire sitabilaiza na jona kai tsaye. Na duba bayan fawa-fak ko yana da ɗan jan makunnin nan na 115 da 230. Nawa ba shi da shi, amma duk mai sayen na hannu ya duba wannan tun kafin ya jona: wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya ta kai 230, kuma fawa-fak ɗin da aka bari a kan 115 in ya sha tamu, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Na zare babban filogi mai fil 24, na lanƙwasa kilif ɗin takarda na haɗa koriyar waya da baƙa, fankar fawa-fak ta juya lafiya. Na mayar. Na cire wayar maɓallin gaba, na taɓa fil biyun nata da bakin sukundireba, ko maɓallin ne ya lalace. Zabura ɗaya, shiru. Na tabbatar filogi mai fil 8 na furosesa ya zauna, kuma ban musanya shi da na katin hoto ba, domin suna kama da juna a ido amma jerin wayoyinsu daban ne. Na cire katin hoton, na bar RAM ɗaya, na cire batirin allo ɗan faifan nan mai lamba CR2032 na mayar. Babu abin da ya canza.

Duk wannan bincike na yi shi ne allon yana ɗaure a cikin akwati. Mataki ɗaya ya rage, wanda kowane mai gyara na ƙwarai ke yi tun kafin ya ɗaura sukuru ko ɗaya: a ɗora allon a kan kwalinsa, a sa masa furosesa da fankarsa da RAM guda, a jona fawa-fak, a gwada shi tsirara. Ban yi ba kafin haɗawa saboda na ga na wuce nan. Ban yi ba bayan ta ƙi tashi saboda ƙyashin warware wayoyin da na ɓata lokaci ina ɗaurewa, da kuma wani abu da ya fi ƙyashi muni. Zuciyata ta riga ta yanke cewa in akwai kuskure, to ba daga hannuna yake ba. Ƙanina yana zaune gefe yana kallona, kuɗin adashensa ne a kan tebur, kuma ya fi mini sauƙi in ce masa an cuce mu da in ce masa ban gano ba tukuna.

Haka na faɗa masa. Kuma ban tsaya nan ba. Washegari da yamma a majalisarmu, ana shan shayi, na buɗe baki na ce Alhaji mai shagon ya fara sayar da kayan da aka mayar, yana sa su a sabon kwali. Ban ga hakan da idona ba, babu wanda ya gaya mini. Fushi ne kawai ya ƙaga mini hujja, ni kuma na furta ta kamar wanda ya tabbatar. A cikin masu saurarona akwai wani abokinmu da ke shirin sayen kwamfutoci don cibiyar koyarwa da zai buɗe, kuma ni ne na taɓa nuna masa shagon.

Da na kwance allon, ban ko juya bayansa na duba ba. Na sa shi a kwali da furosesan a jikinsa, na nufi kasuwa. Na yi sallama sama-sama, na dire kwalin a kan kanta, na ce, "Alhaji, wannan ba girmanka ba ne." Akwai masu ciniki a shagon, duk suka juyo. Ya dube ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, Allah Ya huci zuciyarka. Zauna a duba. In namu ne, za mu canza maka." Ya kira yaron shagonsa, matashi ne da bai kai ƙanina shekaru ba.

Yaron ya taɓa ƙarfen tebur ya sallame wutar jikinsa, domin lokacin hunturu ne, iska a bushe, lokacin da hannu ke iya harbin kayan lantarki ba a sani ba. Ya ɗora allon a kan kwalinsa, ya sa RAM ɗaya a gurbi na biyu daga furosesa, ya jona fawa-fak na gwaji da allon kallo, ya taɓa fil biyu da sukundireba. Fanka ta ɗauka, ta ci gaba da juyawa. 'Yan fitilu huɗu da ke gefen allon, na furosesa da na RAM da na hoto da na tashi, suka kama ɗaya bayan ɗaya suna mutuwa, rubutu ya fito a allon kallo. Ko a nan ban sallama ba, na ce ai fawa-fak ɗinsu ne ya tayar da shi, ke nan wanda suka sayar mini ne mai matsala. Yaron bai yi musu da ni ba. Ya juya allon, ya karkata shi wajen haske, ya nuna mini wani ɗan tabo zagayayye a tsakanin ɗigon dalma, inda babu ramin sukuru. Ya ce, "Yallaɓai, akwatin sabo ne ko an taɓa amfani da shi?"

Na aika aka kawo akwatin. Allon kwamfuta ba ya kwanciya a kan ƙarfen akwati kai tsaye, yana hawa ne a kan 'yan turakun tagulla da ake ɗaurawa, kowane turke daidai da ramin sukuru ɗaya, kuma an kewaye kowane rami da zoben da aka tanada don ya taɓa ƙarfe. Tsohon allona ƙarami ne, microATX, milimita 244 kowane gefe. Sabon cikakken ATX ne, 305 da 244. Sun yi tarayya a wasu ramukan, sun saɓa a wasu. Ni na duba inda babu turke na ƙara, amma ban duba inda turke yake alhali babu rami ba. Yaron ya ƙirga ramukan allo, tara. Ya ƙirga turaku, goma. Na goman ya tokare bayan allon, kuma duk sukurun da na ƙara ɗaurewa, ƙara danna shi nake yi a kan hanyar wuta. Ya sa filaya ya kwance shi, ya miƙo mini. Bai kai tsawon farcen ɗan yatsana ba.

Allah Ya taimaka fawa-fak ɗin mai kariya ne, ya riƙa yanke wutar da sauri. Da irin na arha ne marar suna, ko da turken ya faɗa kan wata hanyar daban, da allon ya ƙone, wataƙila har da furosesan. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, da hakan ta faru, da babu mai iya tayar da shi a kan kwali, da Alhaji ya canza mini daga aljihunsa ko mun rabu baram-baram, ni kuma da na ci gaba da yawo da ƙaryata ina ganin ni aka zalunta.

Na nemi afuwarsa a gaban mutanen da na ci mutuncinsa a gabansu, kuma na gaya masa abin da na faɗa a majalisa, domin ɓoye wannan wani zaluncin ne. Fuskarsa ta ɗan canza da ya ji. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba komai, Malam. Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma ka koma can ka gyara." Na koma na gyara. Sai dai magana zarar bunu ce. Abokin nan namu ya riga ya sayi kayansa a wani wuri, kuma da na tambaye shi bai ɓoye mini ba, ya ce maganata ce ta sa. Wannan cinikin ya wuce Alhaji har abada, kuma ba ni da yadda zan mayar masa da shi.

Ƙanina ma na zaunar da shi na faɗa masa gaskiya, domin shi ne na fara yi wa ƙaryar. Na sa ya ƙirga turakun da hannunsa kafin mu mayar da allon, na sa ya tayar da shi a kan kwali tukuna, sannan muka riƙa ƙara kaya ɗaya bayan ɗaya muna kunnawa, yadda in ta ƙi tashi za mu san wanne ne na ƙarshen shiga. Kwamfutar tana aiki har yau, da ita yake ciyar da iyalinsa.

Ba duk wanda ke zaune a majalisa ranar da na yi maganar ne ya zo ranar da na janye ta ba, kuma ban san ko su wa aka kai wa ita daga baya ba. Duk wanda ta iso wa daga bakina ko daga bakin wani, ya sani ba gaskiya ba ce. Kayan dattijon nan sabo ne, lafiyarsa ƙalau, kuma ina roƙon ku don Allah ku isar da wannan inda kuka isar da waccan.