Wa Zai Riƙa Kallona Daga Can?

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, wani abu ne da ya hana ni barci.

Gidan da ke jikin namu, a wata tsohuwar unguwa cikin birnin Kano, magada sun sayar da shi. Wanda ya saya ya rushe, ya haɗa da kangon baya, aka ce bene mai hawa bakwai zai tayar, na haya. Wallahi da na ji murna na yi, don shekara takwas ke nan ina haya a Rijiyar Zaki, sai na sha cunkoso kafin in zo gaida mahaifiyata. Na ce ga ɗaki ya samu kusa da gida.

Na tarar da Inna tana tankaɗe na ba ta labari. Ta ɗaga kai sama, ta ce, "To ɗan nan, wa zai riƙa kallona daga can?"

Nan take jikina ya yi sanyi. Zaure da doguwar katanga ba don ado kakanninmu suka yi su ba, don sutura ne. A tsakar gidan nan ake kitso, ake shanya, ake shimfiɗa tabarma a kwana in zafi ya matsa. Banɗakinmu ma ba shi da rufi. Shi ya sa tun tuni malaman Malikiyya suka yi hukuncin a toshe duk tagar da ke leƙa gidan maƙwabci.

Ga kuma batun ruwa. Famfo ya daɗe da ƙafewa, rijiyarmu muke lallaɓawa, kuma in aka haƙa burtsatse mai zurfi a gefenta, Allah kaɗai ya san makomarta. Ga tsoro: ba mu manta da benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a 2021 ba, ya ci rayuka sama da 40, balle na kasuwar waya ta Beirut nan Kano a 2022.

Amma gaskiya ɗaya ce, Kano ta cika ta batse, irina masu neman muhalli ba sa ƙirguwa, kuma mutumin nan da kuɗinsa ya saya. Da muka taru a ƙofar gidan mai unguwa, ni aka ba wa biro. Ban rubuta a hana gini ba. Na rubuta a rage hawa, a juya tagogi su fuskanci titi, na baya a ɗaga su sama da tsayin mutum, a gwada ƙarfin ƙasa kafin a zuba harsashi.

Har yau muna jiran amsa. Ni dai na janye sunana daga masu neman haya. Ina ni ina zama a inda zan buɗe taga in ga Inna ba mayafi, maƙwabtana ma su gan ta?

Ku taya mu da addu'a.