Silon Tsohon Babur

Ina yawan tunanin yadda tsohon babur irin Honda CG125 ke iya sheƙa gudu a kan titi, amma da an saki totur a mahaɗa sai ya mutu. A silo ake gane lafiyar inji, lokacin da babu wanda ke tura shi.

Yawanci laifin ƙaramin jet ɗin silo ne a cikin kafireta. Raminsa bai fi bakin allura ba, ƙurar hunturu ko daskararren tsohon fetur kan toshe shi. Wani lokaci robar da ke haɗa kafireta da inji ce ta tsage, iska na satar hanya, silo ya riƙa hawa da sauka. Fulogi ma yana ba da shaida: idan ya yi baƙi, mai ya yi yawa, idan ya yi fari fat, iska ta rinjaya.

Mai gaggawa kan murɗa sukurun silo ya ƙara ƙarar injin, ya rufe ciwon bai warkar ba. Na fi girmama bakaniken da zai wanke kafireta, ya bari inji ya yi zafi, sannan ya murɗa sukurun iska kaɗan kaɗan yana kasa kunne. Irin wannan haƙurin ne ke sa tsohon babur ya daɗe yana ciyar da gida.