Igiya Ɗaya Ba Ta Riƙe Ƙasa

A wannan makon na ɗan ajiye ci gaban labarinmu domin in ba ku labarin wata ƙasa da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, wato Tonga. Ƙasa ce ta tsibirai kusan 170 a tsakiyar tekun Pasifik, mutanenta gaba ɗaya ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, kun ga ko ƙaramar hukuma guda a cikin birnin Kano ta fi ta jama'a. Sarki gare su, babban birninsu kuwa Nuku'alofa.

Kafin 2013 duk wata hulɗarsu ta intanet da duniya ta tauraron ɗan'adam ake yin ta, ga tsada ga nawa. A shekarar ne, da tallafin Bankin Duniya da Bankin Raya Asiya, aka shimfiɗa musu waya a ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 827 zuwa ƙasar Fiji. Wayar nan kaurinta bai fi na tiyon ban-ruwa ba, a cikinta kuma akwai zaruruwan gilashi sirara kamar gashin kai, ta cikinsu haske yake ɗaukar magana da hoto da lissafin kuɗi. A 2018 aka ƙara ja ta zuwa tsibiran Ha'apai da Vava'u.

To, abin da ya sa wayar ta zama jijiyar wuya gare su shi ne, ɗimbin 'yan Tonga suna ci-rani a New Zealand da Ostireliya da Amurka, kuma kuɗin da suke aikowa gida ya haura kashi ɗaya cikin uku na tattalin arzikin ƙasar. Tsohuwa tana tsibiri, ɗanta yana Auckland, kuɗin cefanenta da muryar jikokinta duk ta igiya guda suke isowa.

A watan Janairu 2019 wayar ta tsinke, aka yi kusan mako biyu ana lallaɓawa da tauraron ɗan'adam. Wannan ashe somin-taɓi ne. Ranar 15 ga Janairu 2022 dutsen Hunga Tonga-Hunga Ha'apai da ke cikin teku ya yi aman wuta, ƙarar da har a Alaska an ji ta. Igiyar ruwa ta haura tudu, toka ta rufe gari, wayar kuma ta yi gutsi-gutsi a ƙasan teku. Sai da jirgin gyara mai suna Reliance ya taso tun daga Papua New Guinea, aka shafe mako biyar kafin a haɗa babban tsibirin da duniya. Na Vava'u da Ha'apai kuwa sai a 2023 aka gyara tasu.

Ni dai a matsayina na mai rubuta labari, kwanakin farkon nan su ne suka fi tsaya mini. Ka ga ƙasarku a talabijin hayaƙi ya turnuƙe ta, ka kira mahaifiyarka shiru, ka sake kira shiru, ba ka san ta'aziyya za ka karɓa ko barka ba. Duk rabuwar masoya da na taɓa ƙagawa a littattafaina ba ta kai wannan ɗaci ba.

Kada wani ya ce ina ruwan biri da gada. Ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, wayoyi huɗu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, tura kuɗi ya zama aiki. Mu da a da muke kai littafi kasuwar Sabon Gari a buhu, yanzu yawancin cinikinmu a WhatsApp yake, mai karatu ta turo kuɗi a tura mata shafuka. A kwanakin nan na ga yadda abincin gidana yake rataye da wata waya da ban taɓa gani da idona ba. Sai dai mu muna da wayoyi da dama, aka karkata ta wasu. Tonga guda ɗaya tak gare ta a lokacin, shi ya sa ta yi ɗif.

Wanda bai taɓa samun intanet ba yana da tsoffin dabarunsa. Wanda ya samu kuwa ya riga ya kwashe banki da makaranta da zumunci ya ɗora a kansa, ranar da ya yanke sai ya fi na farkon shiga uku. Don haka shimfiɗa wayar farko rabin aiki ne, cikonsa hanya ta biyu. A 2024 Ostireliya da New Zealand suka sanar da tallafin wata wayar da za ta sauka a Vava'u, ga kuma Starlink da ya shigo da na'urorinsa bayan bala'in 2022.

Allah Ya kiyashe mu da ranar da za mu kira namu mu ji shiru. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.