Wayar da na binne a bango

Shekara 11 na yi ina tara bulo kafin gidana ya kai ga rufi. Duk malamin jami'ar da ya yi gini da albashinsa ya san yadda mutum ke zama idan aiki ya zo ƙarshe: kowace naira sai ya juya ta sau biyu kafin ta fita daga hannunsa. A wannan hali nake lokacin da aka zo maganar wayar talabijin, wato baƙar wayar nan mai kauri da ke saukowa daga dish zuwa dikoda.

Wani matashi mai sana'ar haɗa dish ya zagaya gidan tun ba a yi filasta ba, sannan ya ba ni shawara. Ya ce a saka wa kowane ɗaki bututunsa daban, kada ya haɗu da na wutar lantarki, a ja waya guda ba yanka daga kowane ɗaki zuwa wuri ɗaya, kuma a sayi mai kyau daga cikin nau'in da ake kira RG6. Da ya faɗi kuɗin, sai na yi dariya na ce masa waya ai waya ce. Bai yi musu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya shiga bango ba ya fitowa da sauƙi." Na sallame shi, na sa mai wayarin ya sayo mafi araha, ya ɗinka ta daga falo zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa ɗaki, birkila ya bi ta da siminti.

Ɗakin mahaifiyata ne na ƙarshe a jerin. Na ɗauko ta daga ƙauye da alkawarin ba za ta yi kewa ba, kuma abin da ke ɗebe mata kewar bai wuce wasannin Hausa na tashar Arewa24 ba. Tun makon farko hotonta ke daskarewa yana farfashewa. Wani lokaci yara na canza tasha a falo, nata sai ya ɗauke gaba ɗaya. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai da damina ta sauka, na shiga gaishe ta wani dare na tarar da ita zaune gaban akwatin da babu komai a fuskarsa, ta ce, "Ƙyale shi, Malam, wataƙila ya gaji ne." Washegari na nemo lambar yaron nan.

Bai ce mini "ai na faɗa maka" ba. Ya yanko guntun wayar ya fere ta, ya nuna mini cikinta hawa-hawa: zaren ƙarfe a tsakiya wanda ke ɗauke da sigina, farin soso da ke riƙe shi daidai a tsakiyar, sai takardar alminiyam da saƙar siraran wayoyi da ke kare shi daga hayaniyar wutar lantarki, sannan baƙar riga ta waje. Saƙar tawa ba ta fi gashin jariri yawa ba. Ya ciro ɗan maganaɗisu ya kara wa zaren tsakiyar, ya manne. Ashe baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kuma ruwan da ya bi ta bakin wayar a kan rufi ya riga ya sa shi tsatsa.

Daga nan ya yi mini lissafi. Duk inda aka raba sigina gida biyu, kowane ɓangare rabi yake samu, ko ƙasa da haka. An raba tawa sau uku kafin ta isa ɗakin Hajiya, don haka abin da ke isa gare ta bai kai kashi ɗaya cikin takwas ba. A wurare biyu ma ba a saka na'urar rabawa ba, murɗe wayoyin aka yi aka naɗe da salatif. Ya kuma warware mini sirrin yaran falo. Ta cikin wannan wayar ce dikoda ke aika wuta zuwa kan da ke gaban dish, bolt 13 ko 18, gwargwadon rukunin tashoshin da ake nema. Idan dikoda biyu suka hau waya ɗaya, wannan na neman 13 wancan na neman 18, dole ɗaya ya rasa. Maganin shi ne kai mai baki biyu ko huɗu, kowace dikoda da wayarta. Abin da ya faɗa mini ke nan tun farko.

Zaɓi biyu ya rage: a fasa bango, ko a bi ta samansa. Ba ni da kuɗin fasawa. Yau idan ka shigo gidana za ka ga waya ta bi ta saman fenti, ta zagaye ƙofa, an danne ta da ƙananan ƙusoshi. Na kashe fiye da abin da na guje wa kashewa. Araha dai ba ta ado.

Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar dalilin da ya jawo ta ba. Da abokin aikina mai digiri uku ne ya ba ni wannan shawara, da na karɓa ba tambaya. Na ƙi ta ne saboda ta fito daga bakin yaro mai tsani a kafaɗa. Daga baya na karanta cewa wanda ya fara yin rajistar fasahar wannan waya a Ingila a 1880, Oliver Heaviside, ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, ya yi aikin waya, ya koyar da kansa lissafin da ake karantarwa a jami'o'i har yau. Mu da muke tsayawa gaban ɗalibai muna cewa ilimi kogi ne, mu ne kan fara raina shi idan ya zo ba da takarda ba. Haka muke yi wa makaniki da birkila da mai gyaran famfo: mu karya musu farashi, mu ƙi jin shawararsu, aiki ya lalace, sannan mu zauna muna cewa babu masu sana'ar kirki a ƙasar nan.

Ga mai gini da bai yi filasta ba tukuna, ga abin da na saya da tsada na ba ka kyauta. Saka bututu, ko da ba ka da kuɗin waya a yanzu, domin bututu ne zai ba ka damar zare tsohuwa ka zura sabuwa, ko ta dish ce ko ta intanet. Kada a lanƙwasa wayar da ƙarfi a kusurwa. A toshe bakinta na kan rufi da kyau, a bar mata ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Idan kuma mai sana'a ya ce maka a'a, tambaye shi dalili kafin ka tambaye shi ragi.

Hajiya na kallon wasanninta yanzu. Duk ranar da yaron ya zo duba dish, ita ke sa a kai masa fura, kuma "Injiniya" take kiran sa. Ban taɓa gyara mata ba.