Daga Gabi zuwa Alƙahira: tafiya a ƙarƙashin ƙasa

Mutumin Gabi ya san tasha ba ta da agogo. Mota ba ta ɗagawa zuwa Madarunfa ko Maraɗi sai ta cika, in kuwa gulbi ya kawo ruwa da damina, sai haƙuri. Wanda ya tashi cikin wannan hali, ranar da Allah ya kai shi Alƙahira, babban birnin Misira, zai tarar da jirgin da ba ya jiran kowa: metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

An buɗe layinsa na farko a shekarar 1987 da taimakon Faransa, shi ne na farko a duk Afirka. Yana tashi daga Helwan a kudu zuwa Marj a arewa, fiye da kilomita 40, amma guntun da ya ratsa tsakiyar birni ne kawai ke cikin ƙasa. Layi na biyu ya fara aiki a 1996, daga baya aka kai shi Giza ta ƙarƙashin kogin Nilu. Na uku ya zo a 2012.

Na ukun nan ne ƴan uwanmu suka fi sani. A unguwar Abbasiya gidan kwanan ɗaliban Azhar baƙi yake, inda za ka ji Hausar Maraɗi da ta Kano. Daga can zuwa Ataba tasha 4 ce. Ɗan kasuwa ya fito a Ataba ya faɗa kasuwar Muski, ya bi ta da ƙafa har masallacin Azhar da Khan Khalili. A sama motoci sun cunkushe, ana ta busa oda. A ƙasa kuwa kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinka kun iso.

Ga gargaɗi ga baƙo. Kuɗin tikiti ya danganta da yawan tashoshin da za ka wuce, saboda haka ka ƙidaya kafin ka biya, ka kuma riƙe tikitinka, don sai da shi ƙofar fita ke buɗewa. Tarago 2 na tsakiya na mata ne, namiji ya kiyaye. Da safe da lokacin tashi daga aiki, tashar Shuhada ta dandalin Ramsis da ta Sadat ta dandalin Tahrir sukan cika maƙil. Mai babban ƙunshi gara ya jira rana ta yi.

Mu ba metro muke bukata ba, amma darasin namu ne. Jirgin Alƙahira na tafiya ne domin akwai wutar lantarki, da masu gyara, da miliyoyin fasinja kullum. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, bai zama hanyar fatauci ba. A 2021 Najeriya ta ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Katsina da Jibiya, wanda aka tsara ya ratsa yankin Madarunfa. Ya kamata hukumomi da ƴan kasuwa su yi tambaya tun yanzu: wace hanya za ta kai gero da wake da dabbobin Gabi bakin tasha? Idan babu ita, manomi zai ji kukan jirgi ne kawai daga gonarsa. Allah ya sa mu ga alherinsa.