Yadda gaggawata ta hallaka mu huɗu

A watan Satumban 2021, da gwamnati ta toshe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Raba da Goronyo, wasannin PUBG da Free Fire suka mutu a hannunmu. Sai wani abokinmu ɗan Wurno ya zo da dabara: muka haɗa tsofaffin kwamfutoci huɗu da kebul a shagon caji mai sola a Goronyo, muka koma Left 4 Dead 2, wasan da kamfanin Valve ya fitar a 2009. Mutum huɗu ne ke ratsa gari cike da zombi har su kai ɗakin tsira. A yankin da ƙarar bindiga ba abin wasa ba ce, rage murya muke yi sosai.

Matakan wahalar wasan huɗu ne. A na biyu ni ne sarki. Kullum ina gaba, na fi kowa kisa, ina yi wa ƙanena dariya saboda ba ya rabuwa da baya, harbinsa ma jefi-jefi. Ni ne kuma na matsa sai mun tsallaka zuwa Expert, mataki na ƙarshe.

A can lissafi ya sauya. Lafiyarka 100 ce, zombi na gama-gari in ya mare ka ta gaba ya ɗebe 20. Zombin da ake kira Witch in ka tsokane ta, bugu ɗaya ta gama da kai. Harsashin ɗan'uwanka ma yana illata ka ƙwarai. Duk an faɗa mini, na ce gwani ba ya bukatar wa'azi.

Muna fita na zura da gudu. "Yaya, tsaya muna!" in ji ƙanena. Ban tsaya ba. Ina shan kwana, wani zombi mai suna Smoker ya jefo dogon harshensa ya naɗe ni, ya ja ni kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Na danna wannan maɓalli, na danna wancan, har ina dukan tebur. Babu abin da ya motsa. Haka aka gina wasan: zombi na musamman irin su Smoker, Hunter, Jockey ko Charger in ya riƙe ka, ba ka iya ƙwatar kanka, sai wani ya harbe shi, ko ya ture shi in ba Charger ba ne. Ina kallon lafiyata tana zuba, sai tambaya ta faɗo mini: to, a matakan baya da ake cafke ni, wa ke sako ni? Rubutun yana fitowa a allo kowane lokaci cewa wane ya ceci wane. Sunan ƙanena ne. Ban taɓa karantawa ba, idona yana kan adadin kisa. Ashe bayan da yake tsayawa, bayana yake tsarewa.

Abin kunyar bai ƙare nan ba. Sun bar mafakarsu suka zo suka tashe ni, ni kuwa a firgice na buɗe wuta ba saiti. Na kwantar da ƙanena, harsashi ya sami mota mai ƙararrawa, gayyar zombi ta rufe mu. Mu huɗu muka mutu. Yaron bai ce uffan ba, ruwa kawai ya miƙo mini.

Kai da ke shirin hawa Expert, na san kana jin kai ma gwani ne. Kada ka yi nisan da 'yan'uwanka ba sa hango ka, in kana gaba ka durƙusa su harba ta samanka, kuma ka riƙa karanta sunan mai cetonka.